Ƙullutu Biyu a Gida Ɗaya

Gwaggo Batulu ce ta fara gano ƙullutun, ran wata Talata da hantsi. Tana zaune a kicin tana tsintar shinkafa, irin shinkafar Turai da ba a taɓa samun tsakuwa ko ɗaya a cikinta ba, amma hannu ya riga ya saba. Sai Biskit, kyanwar gidan, ta haye cinyarta ta yi rigingine. Gwaggo ta kai hannu tana shafa mata ciki, yatsanta ya tsaya a kan wani abu kusa da nonon kyanwar. Girmansa bai fi ƙwayar wake ba, ga tauri, kuma ba ya motsi.

Ba ta tsorata ba, don yatsan ya san irin abin. Shekara ɗaya da rabi ke nan yana taɓa ɗan'uwansa kullum idan ta shiga wanka, a nononta na hagu. Nata ya fara kamar gyaɗa, yanzu ya kai lemon tsami.

Wankan jego ya kawo Gwaggo Birmingham. Shifa, 'yar yayanta, ita ce ta haihu, aka duba dangi a Yelwa aka ga Batulu ba miji, ba ɗa mai rai, aka ce ta je ta yi mata arba'in ta dawo. Jaririyar da aka zo yi wa wankan, Inaya, yanzu shekararta bakwai, har ta yi giɓi. Bizar wata shida ce. Fasfon yana cikin durowar maigidan, Dakta Musbahu, don kada ya ɓata. Kuma gaskiya bai ɓata ba.

Da yamma Shifa ta dawo daga ofis, Gwaggo ta tare ta a bakin kicin.

"Shifa, kyanwar nan fa tana da ƙari a ciki."

"Ƙari? A ina? Innalillahi! Abban Inaya, zo ka gani!"

Dakta ya sauko da kayan aikinsa a jiki, ko takalmi bai cire ba. Ya durƙusa a kan kafet, ya kwantar da Biskit, ya riƙa latsa wurin a hankali da yatsu biyu, idonsa a rufe.

"It's fixed," in ji shi. "Ba ya motsi. Ban so haka ba. Gwaggo, tun yaushe kika ji shi?"

"Yau da hantsi, Dakta."

"Madalla da kika faɗa da wuri. Irin wannan abin ba a wasa da shi. Kwana ɗaya ma asara ce."

Kafin a kira magariba Shifa ta samo appointment na ƙarfe tara na safe a wurin likitan dabbobi.

Gwaggo ta koma ta ɗora tukunya. Ta tuna ranar da ta faɗi nata. A kan matattakala ta tsayar da Shifa, ta yi ƙasa da murya, ta ce akwai wani abu a ƙirjinta, don bakinta ba zai iya faɗin sunan wurin a gidan suruki ba. Shifa ta ce za ta yi wa Dakta magana. Maganar ta yi mako uku kafin ta hau bene, ta sake yin mako biyu kafin ta sauko. Amsar ita ce: shi likitan ƙoda ne, wannan ba fanninsa ba ne. Ko da fanninsa ne ma, ina shi ina duba jikin surukarsa? Ai da kunya. Wataƙila maruru ne, ta riƙa shan farasitamol tana gasa wurin da ruwan ɗumi. Maganar GP kuwa, wato likitan unguwa, a dakata tukuna, don za su tambayi takardu, kuma ana nan ana gyara mata takardun. Akwai wani lauya.

Kunya abu ne mai kyau, babu mai cewa ba haka ba. A wannan gida dai ta fi yi wa Dakta amfani fiye da kowa. Shi kuwa lauyan, Gwaggo ba ta taɓa jin ko sunansa ba.

Sakamakon Biskit ya fito cikin kwana biyar. Ciwon daji ne. Aka zauna a teburin cin abinci, Shifa ta buɗe kwamfutarta tsakanin kwanon tuwo da na miyar kuka, don ita akanta ce, ba ta yanke magana sai ta ga lambobi a jere. Gwaggo na tsaye tana zuba ruwa a kofuna da hannun dama, don na hagun ya fara yi mata nauyi.

"Hanya uku ce," in ji Shifa. "Tiyata da chemo, wato maganin kashe daji, a wurin specialist a Manchester, fam dubu shida da ɗari biyu. Tiyata kaɗai a nan, dubu biyu da ɗari huɗu, amma sun ce zai iya dawowa. Ta ukun kuma..." Ta saci kallon Inaya. "Allura. Ɗari da tamanin."

"What injection?" in ji Inaya. Da ta ga babu mai amsawa, sai ta gane. Ta ture kwanonta ta fashe da kuka. "You can't! She's family!"

"Insurance fa?" in ji Dakta.

"Dubu biyu kawai za su biya. Sauran daga aljihunmu. Ga school fees a watan gobe, ga Umra da muka sa a rai. Ni dai da za a yi ta tsakiyar..."

"Shifa, ki ji tsoron Allah." Dakta ya ajiye cokali. "Rai ne fa. Amana ce a hannunmu. Kin manta matar da aka ce ta shiga wuta saboda kyanwa? Kulle ta ta yi, ba ta kula da ita ba, kuma ba ta sake ta ta nemi nata ba. Ni ba zan tsaya gaban Allah a tambaye ni a kan wannan ba. Umra za ta jira."

Shifa ta sunkuyar da kai. Inaya ta zagayo ta rungume ubanta. Gwaggo ma sai da ta ce "Allah Ya saka da alheri", don maganar ta shige ta, kuma tsakani da Allah tana son kyanwar.

Da suna kwashe kwanuka ta tambayi Shifa, "Wai fam dubu shida nawa ne a kuɗinmu?"

"Ya haura miliyan goma, Gwaggo. Kada ma ki lissafa, kanki zai yi ciwo."

Gwaggo ta wanke kwano biyu kafin ta sake magana.

"Shifa, abin nan nawa fa ya fara ruwa."

"Kai, Gwaggo! Sannu. Kina shan maganin kuwa?"

"Ina sha."

"To ki yi haƙuri, bari mu gama da na Biskit tukuna. Kin ga Abban Inaya hankalinsa ba a kwance yake ba, ba yanzu zan ƙara masa wani ba. Abu ɗaya-ɗaya."

Washegari ta sayo mata auduga da bandeji, har da wani man shafawa mai ƙamshi. Shifa ba muguwa ba ce. Ba ta taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba, kuma kowace Sallah sai ta ɗinka mata atamfa.

Ranar tafiya Manchester kyanwar ta ƙi shiga kejinta, ta yakushi Dakta a hannu. Da Gwaggo ta kira ta sai ta zo ta kwanta a cinyarta. Dole aka ce Gwaggo ta sa hijabi ta shiga mota. Rabonta da fita daga Birmingham tun ranar da aka ɗauko ta daga filin jirgi. Awa biyu suna tafiya, ita da Inaya a baya, duk inda motar ta yi tsalle sai ta cije leɓe.

Asibitin dabbobin ya fi duk wani asibiti da Gwaggo ta taɓa shiga tsabta. Akwai wurin zaman masu karnuka daban, na masu kyanwa daban, don kada hankalin marasa lafiya ya tashi. Aka kira sunan Biskit haɗe da sunan maigidan, suka shiga gaba ɗaya.

Likitar mace ce, wata siririya mai tabarau, ta ce sunanta Hana. Ta duba kyanwar, ta nuna hotuna a bango, ta yi bayani mai tsawo. Gwaggo ba ta jin Turanci, sai Inaya ce ke raɗa mata abin da ta iya kamawa. A gidan kaf Inaya ta fi kowa Hausa, don a bayan Gwaggo ta koye ta.

"Ta ce an yi sa'a, ƙarami ne. Ta ce da ya kai kamar ƙwai, da ba abin da za a iya yi."

Likitar ta yi wata tambaya, Shifa ta nuna Gwaggo. Likitar ta juyo tana murmushi.

Inaya ta fassara: "Gwaggo, wai ke ce kika ceci Biskit. Wai yaya aka yi kika gane, alhali ɗan mitsitsi ne?"

Da babba ne ya yi tambayar, da Gwaggo ta ce ikon Allah ne. Amma yarinyar da ta goya ce, kuma ta gaji da tafiya, ga wurin yana zogi. Sai ta ce a hankali, "Ai na san shi. Irin nawa ne."

Ba ta yi nufin a fassara ba. Inaya kuwa an sa ta aiki, kuma tana son a ga ta iya.

"She says she knows it 'cause she's got one too. Hers is well bigger. It leaks."

Likitar ta cire tabarau ta dubi Gwaggo, ta dubi hannunta na hagu da ya kumbura har zobe ya nutse, sannan ta dubi Dakta.

"It's a boil," in ji Dakta. "I'm a physician. It's being managed."

Likitar ta juya masa baya. Ta yagi takarda ta yi rubutu, ta zagayo tebur ta danƙa wa Gwaggo a hannu, ta yi magana a hankali tana kallon idonta.

"Ta ce ki je wurin GP a satin nan," in ji Inaya. "Ta ce ba sa tambayar passport. Ta ce kada ki jira."

Gwaggo ta riƙe takardar da hannu biyu. A shekara ɗaya da rabi, wannan ne karo na farko da wani mai farar riga ya dubi jikinta, kuma likitar dabbobi ce.

Aka bar Biskit a can za a yi mata tiyata da safe. Su kuma suka biya ta unguwar Rusholme cin abinci, don Dakta ya riga ya yi wa Inaya alkawarin gasasshen nama. Bas-bas na wucewa ta bakin taga. Shifa ce ta miƙa hannu.

"Kawo takardar in ajiye miki, Gwaggo, kada ta ɓata."

Gwaggo ta ba ta. Ta san durowar da za ta shiga.

"Likitar kyanwa ce," in ji Dakta, yana kallon faranti, don bai taɓa yi wa surukarsa magana ido cikin ido ba. "Me ta sani game da dokar ƙasar nan?"

A mota suka juye Turanci, shi da matarsa, tun daga Manchester har suka kusa gida. Gwaggo ta tsinci kalmomin da ta sani: GP, hospital, bill, Home Office, licence. Ta ji Shifa na faɗin lambobi da irin muryar da ta yi ranar da ta buɗe kwamfuta a kan tebur. Inaya ta kwantar da kai a kafaɗarta ta dama, ta raɗa mata:

"Gwaggo, Abba ya ce naki ya fi na Biskit tsada."

"To," in ji Gwaggo. "Yi barcinki."

Bayan kwana biyu Shifa ta same ta a ɗakin guga, ta zauna a kan kwandon wanki.

"Gwaggo, mun yi shawara. A gida za ki fi samun kulawa. Ga 'yan'uwa, ga likitoci masu jin Hausa, ba mai tambayar ki takarda. Nan idan aka taɓo maganar nan, aikin Abban Inaya ne zai tafi, kin ga kuwa ke ma ba za ki so haka ba."

"Ba zan so ba."

"Za mu saya miki tikiti."

Gwaggo ta ji daɗi, ta kuma ji tsoro, don shekara bakwai ba ta san ko ɗakinta na Yelwa yana tsaye ba.

"Yaushe ne tafiyar?"

"Sai Biskit ta gama chemo. Allura biyar ce, duk bayan mako uku. Kin ga ba ta yarda da kowa sai ke, ga ƙwayoyin da za a riƙa ba ta a gida. Kuma lokacin tikiti ya fi sauƙi."

Gwaggo ta ƙirga da yatsu. Mako goma sha biyar.

Haka kuwa aka yi. Biskit ta dawo da ɗinki tun daga ƙirji har mara, da wata 'yar riga don kada ta lashi wurin. Aka manna jadawalin magani a jikin firij, Shifa ta yi wa kowane lokaci launinsa saboda Gwaggo ba ta karatun boko. Shuɗi da safe, ja da yamma. Gwaggo takan cusa ƙwayar a cikin kifin gwangwani, ta zauna a ƙasa tana lallashi har kyanwar ta haɗiye. Daga nan sai ta ɓalli farasitamol biyu ta kora da ruwan famfo.

A mako na huɗu hannun hagu ya daina ɗaga tukunya, ta koma jan ta a kan murhu. A na bakwai wurin ya fashe, ya fara wari. Ta ɗauko turaren wutan da ta zo da shi tun na jego, ta kunna a ɗakinta, ƙararrawar hayaƙi ta gidan ta ɗauki ihu har maƙwabci ya leƙo. Shifa ta ce a daina, ta kawo mata na fesawa. Daga ranar Gwaggo ta daina zama a falo idan Dakta na nan, shi ma bai tambayi dalili ba. Yakan tsaya daga bakin kicin da safe ya ce, "Gwaggo, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Dakta." Ya ce, "Madalla." Sai ya durƙusa ya duba ɗinkin Biskit.

Duk bayan mako uku a ɗauke ta a mota zuwa Manchester, kyanwa a cinya, amma yanzu a mota ake barin ta. Shifa ke shiga da kejin. Gwaggo takan zauna tana kallon ƙofar gilas ɗin ko za ta hango mai tabarau. Sau ɗaya ta hango ta ta wuce da sauri da wani kare a hannu.

Ba ta tsani kyanwar ba, ko kaɗan. Idan ta kwanta bayan azahar, Biskit takan zo ta lafe a gefenta na hagu, daidai wurin, ɗuminta yana rage zogin. A gidan nan ita kaɗai ce warin bai kora ba. Abin da ke cin ran Gwaggo shi ne ta san an zauna a kanta ita ma, an jera lambobi, an duba, an ga ba ta kai ba. Ta yi kuka a kan wannan sau biyu, a banɗaki, famfo a buɗe.

A mako na goma sha biyar aka ce Biskit ta warke, sai dai a riƙa kawo ta dubawa. Asibitin har takardar yabo suka ba ta mai hoton tafin kyanwa, Inaya ta manna a firij a gurbin jadawalin. Labari ya zaga Hausawan unguwar Edgbaston. A wata walimar suna da aka yi a makon, mata suka yi ta jinjina wa Shifa, maza suka ce Dakta mutum ne mai imani, wanda ya fasa Umra saboda dabba. Wata ta tambayi ina Gwaggo, aka ce tana gida tana haɗa kaya, kewar gida ta dame ta, sun yi sun yi ta zauna ta ƙi. Aka ce Allah sarki, tsofaffinmu ba sa iya zaman Turai.

Ranar tafiya Dakta ya buɗe durowa ya ɗauko fasfon, ya ba Shifa, Shifa ta ba Gwaggo. Takardar likitar dabbobi ba ta biyo shi ba. Aka cika mata akwati biyu da tsofaffin kayan Shifa don rabon tsaraba, aka sa mata kuɗi cikin ambulan a jaka. A filin jirgi Inaya ta ƙanƙame ta ta gefen hagu, Gwaggo ta ga wuta a idonta amma ba ta ture ta ba.

"Gwaggo, yaushe za ki dawo?"

"Arba'in kawai zan yi," in ji Gwaggo.

Kwana tara bayan saukarta aka kai ta babban asibiti a Sakkwato. Ta yini a kan benci kafin layi ya zo kanta. Tana zaune saƙon murya ya shigo wayarta, Shifa ce, tana gaishe ta da jiki, tana kuma tambaya wane irin kifi ne take ba Biskit, don ta ƙi cin wanda suka sayo. Gwaggo ta danna ta amsa mata: mai jan gwangwani, kuma a ɗan ɗumama shi.

Likitar da ta gan ta yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Shifa ba. Ta ja labule, ta ɗaga mayafin, ta warware bandejin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar da shi a hankali, ta je ta wanke hannu, ta dawo ta zauna ba ta ɗauki biro ba.

"Mama, me ya sa kika zauna har ya kai haka? Da bara ma kika zo, da akwai abin da za mu yi. A ƙauyenku babu asibiti ne?"

"Ba a ƙauye nake ba, 'yar nan. Ingila nake."

"Ingila?" Likitar ta ɗago. "Shekara nawa?"

"Bakwai."

"Kina Ingila da wannan a jikinki, ba ki ga likita ba?"

Gwaggo ta gyara hijabinta da hannun dama.

"Kullum ina ganin sa," ta ce. "Ni nake dafa masa abinci."